Me ya sa fiyano ke danne celo, kuma da wane faifai zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Kwanakin baya na ci karo da wani kiɗan Turawa a YouTube, na wani mai suna Brahms, kayan kiɗa biyu ne kacal a ciki, celo da fiyano. Ya shiga raina ƙwarai. Da na koma nemansa sai na tarar mutane barkatai sun kaɗa shi, kowa da nasa, na wani ya fi na wani tsawo, a wani kuma fiyanon ya cika kunne har ba na jin celon. Shin wanne ne na asali? Me ke kawo wannan bambanci? Kuma idan ina so in san irin wannan kiɗa sosai, da wane faifai zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko akwai faifan da za a nuna a ce shi ne na asali, dalilin da ya sa kiɗa ɗaya ke fita da kamanni iri-iri, sai kuma inda ya kamata sabon shiga ya fara sa ƙafa. Ni fiyano nake kaɗawa, na kuma daɗe ina zama bayan masu celo, ɗalibai da waɗanda suka ƙware, don haka ka san daga kujerar da nake maka magana.

Ta farkon ita ce mai sauƙi. Babu na asali. Wannan kiɗa a rubuce aka bar shi, a takarda, kuma takardar ita ce asalin. Johannes Brahms ya rasu a 1897, lokacin da na'urar ɗaukar sauti ke rarrafe. Abin da ya rage mana na hannunsa ɗan guntu ne da aka ɗauka a 1889 yana kaɗa fiyano shi kaɗai, wanda ƙugi da shashshaka suka kusa cinye shi, kuma babu celo a ciki. Ko Rachmaninoff ma, wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha da ya rayu har 1943 ya kuma ɗauki fayafai masu yawa, bai taɓa ɗaukar sonatarsa ta celo ba. Saboda haka duk wanda ka ji, takardar ya karanta ya kawo maka fahimtarsa. Takarda za ta ce a yi sauri ba da yawa ba, amma ba za ta ce minti nawa ba. Za ta kuma sa alamar a maimaita wani dogon sashe na farko, wasu su maimaita, wasu su tsallake, wannan kaɗai ya isa ya kawo ratar mintoci tsakanin faifai da faifai.

Kiɗan da ya kama ka na zamanin da Turawa ke kira Romantik ne, wato daga wajen 1820 zuwa farkon shekarun 1900, lokacin da masu tsara kiɗa a Turai suka fi karkata ga bayyana abin da ke cikin zuciya da faɗaɗa sauti. Kuma kiɗan ɗaki ne, na mutum biyu zuwa 'yan kaɗan, wanda aka tsara don falo ko ƙaramin zaure. Shi celo, ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ka ɗauka goge ne ya yi girma har sai an zauna an jingina shi tsakanin gwiwoyi, tsirkiyarsa huɗu, ana goga shi da izga, muryarsa kuma ta yi kusa da ta namiji mai kaurin murya. Sonata kuwa dogon kiɗa ne mai kashi uku ko huɗu, kowane kashi da tafiyarsa.

Inda rigimar take

Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne cewa celo ne mai waƙa, fiyano ɗan rakiya. A bangon sonatarsa ta farko ta celo, mai lamba 38 a jerin ayyukansa, wadda ya gama a 1865, Brahms fiyano ya fara ambata kafin celo. Shi kansa mai fiyano ne. Haka Chopin, haka Mendelssohn, haka Rachmaninoff. Mutane ne da yatsunsu suka tashi a kan maɓallan fiyano, da suka zo rubuta wa celo kuwa ba su rage wa nasu kayan komai ba. Don haka idan ka ji fiyano ya fito gaba a wani wuri, sau da yawa haka aka rubuta. Ana ba da labarin cewa Josef Gänsbacher, malamin waƙa kuma mai celo na sha'awa wanda Brahms ya sadaukar wa wannan sonata, ya yi ƙorafi suna cikin kaɗawa cewa ba ya jin kansa, Brahms ya ce masa ai ya yi sa'a. Ko labarin ya faru haka ko an yi masa gishiri, ya nuna ƙorafinka ya girmi kakanninmu.

Amma akwai dalilai na zahiri. Celo muryarsa a ƙasa take, a daidai inda hannun hagun mai fiyano yake aiki. Goge irin na Turawa, ƙaramin da ake ɗorawa a kafaɗa, sama yake hawa ya bar fiyano a ƙasa, kowa da filinsa. Celo kuwa fili ɗaya suke rabawa, kuma fiyano ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai kowannensu da inda yake cin riba. Fiyano guduma ce ke dukan waya, sautin ya fito da ƙarfi nan take, daga nan ya fara mutuwa, babu yadda za ka yi ka raya shi. Celo kuwa yana iya fara amo a hankali ya yi ta kumbura shi muddin izga na tafiya. Mai tsara kiɗa da ya san aikinsa da wannan yake wasa. Saurari farkon waccan sonata mai lamba 38: celo ne ke ɗauke da waƙar a kan tsirkiyarsa mafi kauri, can ƙasa, fiyano kuma ba ya dukan tare da shi, sai ya bari amon celon ya sauka sannan ya ɗan taɓa a bayansa, kamar mai gyaɗa kai. Brahms ya buɗe masa hanya ke nan da gangan. To amma je ka kashin ƙarshe, inda ya ɗauko salon Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, na muryoyi masu bin juna: hannun dama murya, hannun hagu murya, celo murya ta uku. Biyu a kan ɗaya. A nan ne ake gane mai fiyanon da ke da kunne.

Dalili na biyu shi ne kayan sun canza. Fiyanon da Brahms ya ajiye a gidansa na Vienna ƙirar Streicher ne na 1868, wayoyinsa a jere suke, sautinsa na ƙasa siriri ne, yana kuma saurin ɗaukewa. Chopin ya fi son ƙirar Pleyel ta Paris, wadda ta fi wannan ma laushi. Fiyanon zauren kiɗa na yau, irin Steinway, gangar jikinsa ƙarfe ne zubi ɗaya, wayoyin ƙasa sun gitta kan na tsakiya, an ɗaure su tamau, an yi shi ne don ya cika zauren mutum dubu biyu. Abin da aka rubuta wa wancan, idan aka zuba shi a wannan ba tare da lura ba, sai ya zama kunu. Shi ma celo ya canza: a da tsirkiyar hanjin dabba ake ɗaura masa, yau yawanci ta ƙarfe ce, wadda ta fi kaifi da ƙara. Amma ƙarin da celo ya samu bai kai na fiyano ba.

A wajen aiki, abin da ɗalibai ke fara yi idan mai celo ya yi kuka shi ne su rufe murfin fiyano. Ni hana su nake yi. Rufe murfi kaifin sautin yake kashewa, ƙugin ƙasa kuwa yana nan, ta ƙarƙashi yake fita, kuma shi ne ainihin mai danne celon. Gara a buɗe murfin, a sassauta hannun hagu, a rage taka fedar da ke barin sauti ya yi ta amsa-kuwwa. Na sha ganin mai celo ya daina haƙilo, kafaɗarsa ta sauka, don kawai na ɗaga ƙafata daga feda a layi biyu.

Abin da makirufo ke ƙarawa

Duk wannan a zaure ne. A faifai akwai mutum na uku da ba a ganinsa, injiniyan da ya dasa makirufo. Idan ya matso da shi bakin celo, za ka ji celon ya yi girman da babu shi a duniya, har da numfashin mai kaɗawa da bugun yatsunsa a kan itace, fiyano kuma kamar daga ɗakin maƙwabta. Kamfanoni sun daɗe suna yin haka idan mai celon ne tauraron da ake sayen faifan dominsa. Idan kuma ya ja baya ya ɗauki ɗakin gaba ɗaya, za ka ji gaskiyar abin, wato celo na nutsewa a wasu wurare yana sake ɓullowa. Ni na fi son na biyun, amma na san kunnen da ya saba da waƙoƙin situdiyo, inda murya ke gaba kullum, zai ɗan ji wani iri da farko.

Zamanin ɗaukar ma yana da nasa. Kafin 1948 faifan garmaho ba ya wuce minti huɗu da ɗan ɗoriya a gefe ɗaya, don haka gunduwa-gunduwa ake ɗaukar sonata, kuma babu gyara, in an yi kuskure sai a sake daga farkon gefen. Zuwan tef ya ba da damar yanka da haɗawa, sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, faifan CD a 1982.

Sai kuma abin da nake zargin shi ne rabin matsalarka: da me kake saurare? Tsirkiyar celo mafi kauri tana girgiza kusan sau 65 a sakan ɗaya. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri haka, ƙanƙantarta ba za ta bari ba. Abin da take ba ka saman muryar celon ne kawai, gindin ya zube, alhali tsakiya da saman fiyano suna fitowa tangaran. Kafin ka yanke wa kowane faifai hukunci, sa iyafis mai ɗan kyau, ko na kan da ke rufe kunne, ka kuma bari dare ya yi, janareto su yi shiru.

Fayafan Brahms

Sonata biyu ya rubuta wa celo da fiyano, shekara 21 tsakaninsu. Ta biyun, mai lamba 99, a 1886 ya yi ta a bakin tafkin Thun na ƙasar Suwizalan, don Robert Hausmann, ƙwararren mai celo da aka san shi da ƙarfin sauti, kuma za ka ji hakan: fiyano na rawar ɗari kamar hadari ya taso, celo na tsalle yana kira a samansa. Kusan kowane faifai yana haɗa su biyun, don haka zaɓi ɗaya ya wadatar.

Wanda aka fi sani shi ne na Jacqueline du Pré da Daniel Barenboim, na kamfanin EMI, 1968. Ita 'yar Ingila ce, shekararta 23 a wannan shekarar, ba su kuma daɗe da aure ba. An ce daren da suka fara haɗuwa, a ƙarshen 1966, wannan sonata ta biyu suka zauna suka kaɗa. Suna jan lokaci yadda suka ga dama, su tsaya inda takarda ba ta ce a tsaya ba, ita kuma tana danna izga kamar ba za a sake ba ta dama ba. Masu tsantseni suna cewa sun wuce gona da iri, kuma suna da hujja. Amma idan kana so ka gane dalilin da mutane ke haukacewa a kan wannan kiɗa, nan ne ƙofar.

Na Pierre Fournier da Wilhelm Backhaus, Decca, 1955, kishiyarsa ne. Bafaranshe da Bajamushe, dattaku zalla, babu wanda ke neman burge wani. Ba sitiriyo ba ne, sautin ya tsufa, amma a nan nake tura ɗalibaina su ji yadda hannun hagu zai yi nauyi ba tare da ya danne kowa ba. Idan aka ce in riƙe ɗaya tak, shi zan riƙe, kodayake ba shi zan ba ka ka fara da shi ba.

Akwai na Mstislav Rostropovich da Rudolf Serkin, Deutsche Grammophon, wanda aka ɗauka a 1982, Serkin na da shekara 79, ya kuma ci lambar Grammy. A kunnena celon ya yi kusa da makirufo fiye da kima, tafiyar kuma da nauyi, amma ga mai kukan ba ya jin celo, to ga celo nan har ya ishe ka. Yo-Yo Ma da Emanuel Ax sun ɗauke su sau biyu, aiki mai tsabta, kuma Ax na cikin masu fiyanon da suka fi iya sauraren abokin tafiya. Steven Isserlis da Stephen Hough, a kamfanin Hyperion, 2005, su ne na zamani da na fi komawa gare su. Isserlis an san shi da riƙe tsirkiyar hanji, sautinsa ba mai tsawa ba ne, yana da ɗan dishi-dishi mai daɗi, wannan kuwa ya tilasta wa Hough ya yi taka-tsantsan, sai komai ya fito fili. In kuma kana son ka ji yadda abin yake da tsohon fiyano irin na wancan ƙarni, nemi na Pieter Wispelwey da Paul Komen. Minti biyu na kashin ƙarshen sonata ta farko a wannan faifai zai fahimtar da kai abin da na yi ta bayani a sama fiye da duk surutuna.

Tsoffin na garmaho, irin na Pablo Casals da Mieczysław Horszowski na 1936, ka bar su sai kunnenka ya nuna. Suna da daraja, amma shashshakar allura tana korar sabon shiga.

Bayan Brahms

Chopin sonata ɗaya ya yi wa celo, mai lamba 65, don amininsa Auguste Franchomme, kuma ita ce aiki na ƙarshe da aka buga masa yana raye. Su biyun sun kaɗa kashi uku na ƙarshenta a zauren Pleyel ranar 16 ga Fabrairu, 1848, wasansa na ƙarshe ke nan a gaban jama'ar Paris, ya rasu a shekarar da ta biyo. Kashin farkonta yana da wuyar shiga, zaren waƙar yana ta sarƙewa, kada ka ji kunya idan ya gundure ka a karon farko. Tsallaka zuwa kashi na uku, wanda bai fi minti huɗu ba, celo ya faɗi layi, fiyano ya amsa, su yi musaya, shi ke nan. Faifan Rostropovich da Martha Argerich na 1980 shi ne wanda zan nuna maka, domin a nan an sami mai fiyanon da ba ta jin tsoron mai celon, shi ma ba ya jin tsoronta. Du Pré da Barenboim ma sun ɗauke ta a Disamban 1971 tare da sonatar Franck, kuma shi ne shigarta situdiyo na ƙarshe. Ciwon jijiya ya riga ya fara taɓa yatsunta, a 1973 ta daina kaɗawa, ta rasu a 1987 tana da shekara 42.

Ita waccan ta César Franck, ta 1886, asalinta ta ƙaramin goge ce, Jules Delsart ne ya mayar da ita ta celo da yardar mai ita. Irin wannan aro ya yi yawa a fagen, domin abin da aka rubuta wa celo kai tsaye bai taka kara ya karya ba. Sonatar Schubert ta 1824 da masu celo suka mayar tasu, wani kayan kiɗa mai tsirkiya shida aka rubuta wa, arpeggione, wanda bai yi ƙarko ba ya ɓace. Faifan Rostropovich da Benjamin Britten na 1968 a Decca ya fi yawancin sauran jan rai, wasu na ganin ya yi sanyi, amma ka saurari yadda Britten ke buɗe ta shi kaɗai kafin celo ya shigo. Shi ma mai tsara kiɗa ne, yana taɓa kowane amo kamar ya san dalilin da aka sa shi a wurin. Na Schumann ma na 1849, guntaye masu lamba 73 na kayan busa ne tun asali, masu lamba 102 ne na celo, kuma waɗannan gajeru ne, sun dace da mai lissafin data.

Mendelssohn ya yi sonatar celo biyu, a 1838 da 1843, ƙanensa Paul ma'aikacin banki ne mai kaɗa celo a gida. Kiɗa ne mai fara'a, amma yatsun mai fiyano ba sa hutawa, a fiyanon zamani kuwa yana saurin cunkushewa, shi ya sa nake son na Isserlis da Melvyn Tan da aka yi da tsohon fiyano. Grieg na Norway ya yi ɗaya a 1883 don yayansa John, Truls Mørk, ɗan ƙasarsu, ya ɗauke ta.

Sai sonatar Rachmaninoff, mai lamba 19, ta 1901, wadda ya fara kaɗawa da kansa a Mosko tare da Anatoliy Brandukov. Idan Brahms ya ba fiyano rabi, wannan kashi biyu cikin uku ya ba shi, mu masu fiyano muna sonta muna kuma tsoronta. A kashi na uku fiyano ne ke rera waƙar gaba ɗaya shi kaɗai, sai ya gama celo ya karɓa daga ƙasa. Isserlis da Hough sun haɗa ta da ta Franck a faifai ɗaya. Akwai kuma na Sheku Kanneh-Mason da yayarsa Isata, Decca, 2021, matasa 'yan Ingila da mahaifiyarsu haifaffiyar Saliyo ce. Ba zan ce ya kai na manyan ba, amma an ɗauke shi da kyau, kuma ana jin mutum biyu ne da suka tashi gida ɗaya suna kaɗawa tare.

Ka tuna dai duk wannan jeri kunnen mai fiyano ne ya tsara shi. Mai celo zai iya ba ka wani daban, ya fifita János Starker ko Gregor Piatigorsky, ba kuma zan yi masa gardama ba. Faifai kuma, komai kyansa, ba ya kawo maka yadda ƙaramin ɗaki ke girgiza idan an goga tsirkiyar nan mai kauri kusa da kai.

Ga yadda zan so ka yi. Rubuta "Brahms Op. 38" a wurin nema, domin da lambar ake gane aikin a kowane harshe, ka sauke na du Pré da na Isserlis. Kada ka saurare su daga farko zuwa ƙarshe a jere, za su cakuɗe maka. Ɗauki minti uku na farko kawai, ka ji na wannan, ka ji na wancan. A zagaye na biyu ka ƙyale celon gaba ɗaya, ka bi fiyano shi kaɗai: yaushe ya ja baya, yaushe ya karɓi waƙar, celon kuma ina ya koma a lokacin. Idan ka yi mako guda a haka, wuce zuwa kashin ƙarshe ka yi masa irin wannan, daga nan sai Chopin.